Kujerun Matakalar Ɗan Inshora

A garejin kamfanin motocin bas babu wanda ya kai Mai Walda cika baki a kan lafiyar jiki. Ya yi shekara talatin da 'yan kai durƙushe a ƙarƙashin motoci, wuta na tartsatsi a fuskarsa, hayaƙin ƙarfe na shiga hancinsa, amma ba a taɓa ganin takardar asibitinsa a ofishin manaja ba. In abokan aiki suka taru a kan wani ƙarfe suna nishi, sai ya ture su ya ɗaga shi kaɗai, ya kuma tuna musu cewa mahaifinsa sai da ya ga 'ya'yan jikokinsa kafin ya bar duniya, shi ma bai ga abin gaggawa ba.

To, ƙarfi dai bai hana shekaru cika ba, ritaya ta zo. A wannan kamfani kuwa ba a danƙa wa mutum kuɗin sallamarsa a hannu. Ana tura su wani kamfanin inshora, su kuma su riƙa biyanka wata-wata. Wakilinsu, wani siririn mutum mai sanyin murya, yakan zo gareji lokacin hutun rana ya yi wa masu shirin tafiya bayani. Yana tafiya cikin baƙin man da ya malale a ƙasa amma takalminsa ba ya ɓaci, abin da ya daɗe yana ba ma'aikata mamaki.

Tsari biyu ne, in ji shi. Na farko naka ne kai kaɗai: kuɗin wata mai kauri, amma ranar da ka rufe ido an rufe shi, ko kwabo ba wanda zai gani a bayanka. Na biyu kai da iyalinka: abin da ake ba ka a wata bai kai na farko ba ko kusa, amma in ka riga matarka tafiya za a ci gaba da ba ta har ƙarshen rayuwarta.

Mai Walda ko tunani bai tsaya yi ba. A kan bencin kantin abincin gareji ya zaɓi na farko, hannunsa da maiƙo, aka kuma tura kuɗinsa a kan haka. Lissafinsa mai sauƙi ne: mutumin da zai kai shekarun ubansa zai ci kamfanin inshora har su gaji da ganin sunansa, matarsa kuwa tana cikin inuwarsa, me za ta nema? Abin da ya rage shi ne ya je ofishin wakilin a yanka masa abin da zai riƙa karɓa a wata, ya sa hannu na ƙarshe. Kafin wata ya ƙare ana iya sauya tsari. Bayan nan ko kuka ka yi ba mai saurarenka.

Ofishin yana can ƙololuwar wani tsohon bene, lif ɗinsa ya mutu tun ba a san ranar ba. A kowane hawa, inda matakala ke karya kwana, an ajiye kujerar roba guda ɗaya. Duk wanda ya isa sama zai tarar da wakilin tsaye a bakin ƙofa, hannu a kan ƙarfen matakala, yana cewa sannu da hawa. Shi ya sa a gareji ba a san shi da wani suna ba sai Sannu-da-Hawa.

Mai Fenti ne ya buɗe wa Mai Walda sirrin kujerun. Tsohon abokinsa ne, ya riga shi ritaya, amma kullum yana bakin gareji a teburin mai shayi yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Ya matso da bencinsa, ya rage murya, ya ce waɗannan kujeru ba don tausayi aka ajiye su ba. Mutumin yana leƙo kowa daga sama tun daga matakin farko. Wanda ya hau a guje, an san zai daɗe ana biyansa, sai a yanka masa ɗan kaɗan. Wanda ya zauna yana haki, an san ba za a daɗe ana ba shi ba, sai a sakar masa hannu. Akwai takardar likita, gaskiya ne, amma likitan abin da wakilin ya rubuta da fensir a gefe yake dubawa ya buga hatimi. Kuma Sannu-da-Hawa bai taɓa saukowa ya tari kowa ba, ko da manaja ne, don matakalar ita ce ma'auninsa.

"Kai da wannan ƙirji naka kamar ƙofar shago, in ka hau yadda ka saba, wallahi kuɗin sabulu za su ba ka," in ji Mai Fenti. "Ka zauna a kujerar farko. Ka dafe ƙirji. Ka yi tari irin na tsofaffi."

Mai Walda ya ce shi bai iya tarin ƙarya ba. Mai Fenti ya ce ai shekara talatin yana jin sa yana yi duk lokacin da aka zo karɓar kuɗin gudummawa. Suka yi dariya har mai shayi ya taya su.

Daga nan Mai Fenti ya kawo misali da marigayi Mai Faci, ya ce duk garejin babu wanda ya iya wasan kamarsa. Ya hau benen nan yana jan ƙafa, ya sauko da kuɗin watan da ba a taɓa yanka wa kowa irinsa ba, a tsarin nan na farko. Sai dai bai ci moriyar abin ba, Allah ya yi masa rasuwa tun shekara ba ta zagayo ba. Ya faɗi haka yana nuna tsallaken titi da haɓa, inda matar Mai Faci ke zaune kan kwali a gindin katanga, tana sayar wa ma'aikata sabulu da ruwan sanyi. Mai Walda ya dube ta, ya ce Allah ya ji ƙan maza, ya koma kan shayinsa.

A gida ya tarar da matarsa tana tsintar shinkafa a tire, ƙafarta mai ciwon gwiwa miƙe a kan ƙaramar kujera. Su biyu suka rage a gidan, kuma na haya ne. 'Ya'yan sun watse neman na kansu, kowa da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Ita ba ta da sana'a tun da gwiwar ta hana ta taka keken ɗinki. Ya ba ta labarin dabarar kujera yana kwaikwayon tarin, yana jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta tambaye shi wane tsari ya ɗauka, ya ce mai kauri mana, ta ce to, duk yadda ya ga ya dace.

Can ta ce, idonta a kan tiren: "Baban yara, kwana biyun nan in na leƙa ta taga sai in ga ka tsaya a bakin shagon aski kafin ka ƙaraso."

Ya ce gaisawa suke da mai askin.

"Har ranar da shagon yake a rufe?"

Ya ce ita dai tun da ta daina ɗinki ta koma aikin 'yan sanda. Ya shige ɗaki ya cire takalmi. Ta bi bayansa da kallo, ta ci gaba da tsinta.

Ranar Laraba da hantsi ya tafi. Ya sa tsohuwar riga da gangan, ya ƙi aske gemu, don ya yi kama da mai jinya. Ƙofar benen tana tsakanin shagon mai gyaran waya da wani kantin magani. Ciki duhu-duhu ne, ana jin warin ruwan da aka goge ƙasa da shi. Ya ɗaga kai ta ramin da ke tsakiyar matakalar, ya hango can sama wani farin hannun riga a kan ƙarfe. Ya yi murmushi a ransa, ya ce yau ɗan boko zai ga aiki.

Ya fara hawa yana jan ƙafa kamar yadda aka koya masa. Da ya isa kujerar farko ya zauna, ya dafe ƙirji, ya yi tarinsa har sau uku, mai kyau kuwa, wanda da Mai Fenti na nan sai ya tafa masa. Ya huta hutun da ba ya bukata, ya tashi ya ci gaba.

Bai kai kujera ta biyu ba abin ya zo. Da farko kamar an ɗaura masa bel a ƙirji ana ja a hankali. Sai nauyin ya gangara kafaɗarsa ta hagu, ya bi hannu har yatsu, ya hau muƙamuƙinsa. Ya san abin. Shi ne mai tsayar da shi a bakin shagon aski, wanda yake ce wa kansa iska ce ta shayi. Amma bai taɓa zuwa da irin wannan ƙarfi ba. Kujerar tana nan gabansa, taku kaɗan, ya kasa kaiwa gare ta. Ya zame ya zauna a kan matakalar, kan simintin da kowa ke takawa, yana murza hannun hagu, gumi mai sanyi na bin bayansa. Ya manta da Mai Fenti, ya manta da tari, ya manta akwai wani a sama. Idonsa na kan wani tsagin siminti kusa da takalminsa, yana jiran bel ɗin ya saki.

Ya saki, a hankali, kamar wanda ya ce zai dawo. Mai Walda ya share fuska da hannun riga, ya kama ƙarfe ya ƙarasa sauran hawan yana tsayawa a kowace kwana. Kafin ya kai sama har ya fara lallashin kansa cewa ai wannan ma ya ƙara wa wasan armashi.

"Sannu da hawa, Baba," in ji wakilin.

Ofishin ƙarami ne, fes, da kabad ɗin ƙarfe cike da fayil da taga mai kallon rufin gidaje. Wakilin ya janye kujerar katako da ke gaban tebur, ya jawo masa mai laushi daga kusurwa. Ya juya masa fanka. Ya zuba masa ruwa da hannunsa. Mai Walda ya zo da cututtuka iri-iri a bakinsa, ciwon baya, jiri, rashin barci, duk ya shirya su tun a mota, amma ba a tambaye shi ko ɗaya ba. Wakilin ya yi ɗan rubutu da fensir a gefen takarda, sannan ya rubuta adadi a wata 'yar takarda ya turo masa.

Mai Walda ya duba, ya sake dubawa. Ya zo da niyyar ciniki, ya tanadi abin da zai ce in an yi masa rowa. Abin da ke gabansa ya wuce duk inda ya yi niyyar kai cinikin. Ya ma wuce abin da aka ce an ba Mai Faci.

Wakilin ya cire murfin biro ya ajiye masa a kan takardar, ya nuna wurin sa hannu da ɗan yatsa mai tsabtataccen farce.

Mai Walda bai yi makaranta mai nisa ba, amma ya yi kasuwa. Ya sayi tsohon ƙarfe, ya sayar, an cuce shi, shi ma ya taɓa yi. Ya kuma san abu guda: in ɗan kasuwa ya ba ka fiye da abin da ka zo nema, bai ja ba, bai yi ƙorafi ba, har yana miƙo maka ruwa, to ya hango abin da kai ba ka hango ba. Ya ɗauki biron ya juya shi a hannu.

Ya ce, kamar mai hira, abokinsa Mai Fenti ya gaya masa shi ma ya sha wuya a matakalar nan.

Wakilin ya yi ɗan murmushi. "Ya zauna a kujerar farko. Yana tari yana ɗaga kai ya ga ko ina kallo."

"Ka sakar masa hannu?"

"Wannan tsakanina da shi ne, Baba. Amma ina sa ran za mu daɗe muna gaisawa."

Fanka na juyawa. Daga ƙasa ana jin rediyon mai gyaran waya sama-sama.

"Mai Faci fa?"

Wakilin ya gyara zaman fayil ɗin da ke gabansa, ko da yake a daidai yake. "Shi bai ɗaga kai ba."

Mai Walda ya tuna tsagin simintin nan kusa da takalminsa. Ya yi ƙoƙari ya tuna ko ya kalli sama ko sau ɗaya lokacin da yake zaune a wurin, ya ga bai kalla ba. Ashe Mai Faci ba gwanin wasa ba ne. Sai ga matar Mai Faci a idonsa, kan kwali, a gindin katanga, da sabulu jere a gabanta. Sai kwalin ya zauna, katangar ta zauna, amma ƙafar da ke miƙe a kai mai ciwon gwiwa ce, ta matarsa.

"Ni fa, ɗana?"

"Sha ruwanka, Baba. Ni ba likita ba ne."

Mai Walda ya mayar wa biron murfinsa ya ajiye. Ya ce ya fasa, tsari na biyu yake so, shi da iyalinsa.

Wakilin bai ɓata rai ba, bai kuma yi murna ba. Ya bayyana masa cewa kuɗin watan zai faɗi ƙasa sosai, ya rubuta sabon adadin ya nuna masa, abin da ba zai wuce haya da abinci ba, shi ma sai an matse. Ya ce kuma ba a yin wannan da baki. Sai matar ta zo da kanta, da katin shaidarta, ta sa hannu a gabansa, kafin a tashi aiki ranar Juma'a, don ranar wata ke ƙarewa. In ba haka ba, abin da aka zaɓa a kantin gareji shi zai zauna.

Da Mai Walda ya miƙe, wakilin ya raka shi bakin ƙofa, ya ce cikin sanyin muryar nan tasa: "Yawancin mutane ranar da suka hau suke sa hannu, Baba. Ba kowa ke son hawa biyu ba."

A gida ya ce mata kamfani ne ya ɓullo da sabuwar doka, wai sai mata sun sa hannu. Ya yi ta zagin 'yan boko da son takardu. Ta saurare shi har ya gama. Ba ta tambayi yadda wasan kujera ya kaya ba, shi ma bai ɗauko zancen ba. Ta tashi ta ɗauko katinta daga cikin akwati, ta goge masa riga mai kyau, ta ce gobe ba zai fita da wannan gemun ba, in ya so ya kunyata kansa ya yi ranar da ba ta tare da shi.

Washegari suka isa ƙofar benen. Ya ɗaga kai ta ramin matakalar, farin hannun rigar na nan a inda yake jiya. Matar ta dubi matakalar, ta dubi mijinta, ta ce shi dai ya san gwiwarta, kada ya ja ta da sauri, mataki ɗaya-ɗaya za su yi, in ya ga ba zai iya jira ba ya koyi haƙuri yau. Ta riƙe hannunsa na dama. Suna hawa tana mita, tana tsayawa, tana cewa wanda ya gina benen nan bai da uwa mai ciwon ƙafa. Ya lura duk inda ta tsaya, daidai inda numfashinsa ya fara sarƙewa ne.

Kafin su kai kujerar farko bel ɗin ya dawo. Yau bai jira hawa na biyu ba.

Ta zauna a kujerar, ta miƙe nan take, ta ce robar ta yi mata ƙasa, in ta zauna ba za ta iya tashi ba. "Zauna kai, kada a bar ta a banza. Ni tsayuwa ta fi mini."

Ya zauna. Hannunsa na dama ya tafi kan na hagu da kansa. A samansu akwai sauran hawa masu yawa, kowanne da kujerarsa, kuma gobe Juma'a. Ya so ya ce mata ta ba shi minti kaɗan, maganar ta ƙi fita. Ita ce ta ɗaga kai ta kalli sama, ta daɗe tana kallo.

Sai suka ji an rufe ƙofa can ƙololuwa. Sai takun takalmi, a hankali, ba gaggawa, yana saukowa hawa bayan hawa. Mai gyaran waya ya leƙo daga shagonsa, don tun da ya kama haya a wurin bai taɓa jin wannan takun yana saukowa da rana tsaka ba.

Wakilin ya bayyana a kwanar matakala, fayil a hammata, biro a hannu. Ko tausayi ne ya sauko da shi, ko kuwa bai son a ɗauki mutum daga matakalarsa a gaban masu zuwa sayen magani, wannan shi kaɗai ya sani. Kamashonsa dai yana nan ko wane tsari aka ɗauka. Bai ce sannu da hawa ba. Ya durƙusa ya ɗora fayil ɗin a kan gwiwar Mai Walda, ya riƙe masa gefen takardar. Sa hannun ya fito a karkace, amma ya fito. Matar ta sa nata, ya duba katinta, ya buga hatimi a kan cinyarsa.

Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya juya ga matar cikin ladabi. Ya ce mata doka ce duk shekara a zo a nuna fuska, don kamfani ya tabbatar mai karɓa yana nan. Ya ce kada ta damu da matakalar, in ta zo ta aiko mai gyaran waya ya kira shi.

"Sai baɗi in Allah ya kai mu, Mama," ya ce.

Sannan ya dubi Mai Walda, ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce a sauka lafiya. Mai Walda ya jira ko zai ƙara wani abu. Wakilin ya gyara fayil ɗinsa a hammata, ya juya ya fara hawa.